Da za ka samu layar zana, me za ka yi da ita?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da sanyi. Waɗanda ba su samu zuwa zaman karatu na ranar Asabar ba, ga abin da ya gudana, don har yanzu abin yana cina a rai.

Mun shiga babi na 5 na The Hobbit, littafin ƙagaggen labari na Turanci da Tolkin ya rubuta. Kamar kullum Auta yana karantawa da Turanci, ni ina juya wa yara da Hausa. Wurin nan ne da Bilbo, jarumin labarin, ya ɓata hanya a cikin kogo, yana lalube cikin duhu hannunsa ya faɗa kan zobe, ya jefa aljihu bai san ko na mene ne ba. Daga nan ya haɗu da Golum, wata halitta da ke zaune a kogon, suka yi kacici-kacici a kan sharaɗi: in Bilbo ya ci a nuna masa hanyar fita, in ya faɗi a cinye shi. Can gaba zoben ya shige yatsansa, ya gane cewa duk wanda ya sa shi ba a ganinsa. Da na zo nan sai na ce wa yara, wannan shi ne abin da kakanninmu suke kira layar zana. Na tambaye su, wa zai gaya mini abin da zai yi in ya samu irinsa?

'Yar wajen Kawu, mai shekara tara, ta ɗaga hannu ta ce ita kullum da safe sai ta je wajen mai ƙosan layinsu ta ɗiba ba ta biya ba. Yara suka kwashe da dariya. Ni kuwa ban tsaya ba na ce, "Kul! Allah yana ganinki." Wuri ya yi tsit, duk hannuwan da ke sama suka sauka. Muka ci gaba da karatu har inda Golum ya tare bakin hanya, Bilbo yana bayansa da takobi a hannu, ba a ganinsa, ya yi niyyar sukarsa sannan ya fasa, ya tsallake ta kansa ya wuce. Sai wani yaro da bai taɓa magana a zamanmu ba ya ce, "Anti, tun da muka fara littafin nan ban ji Bilbo ya ambaci Allah ba. To me ya hana shi kashe Golum?"

Na rasa abin cewa. Magariba ta kawo jiki, muka tashi. Shi ne na kawo muku abu biyu. Me ya kamata in gaya wa yaron nan? Sannan, na kyauta da na katse yarinyar?

Malam na Gangare:
Wa alaikumus salam. Uwar Biyu, ba ki yi laifi ba, gaskiya kika faɗa, kuma ita ce amsar da iyayenmu suka ba mu. Kin san labarin yarinyar nan ta Madina da mahaifiyarta ta ce ta zuba ruwa a madarar sayarwa tunda Sayyidina Umar ba ya ganinsu, ta ce in Umar ba ya gani Ubangijin Umar yana gani. Shi kuwa yana bayan gida yana ji. Ya aurar da ita ga ɗansa Asim, kuma ta tsatsonta aka samu Umar ɗan Abdul'aziz. Wannan ya ishi yaro.

Abin da ya fi damuna shi ne tambayar yaron nan, kuma tun ranar da aka zaɓi littafin nan na faɗi ra'ayina. Littafi ne da jagoran tafiyar matsafi ne, abin da ke ceton jarumin kuma zoben tsafi. Layar zana da kika kwatanta da shi ai mun san hukuncinta. Yanzu ga shi yaro ya fara lissafin cewa ana iya zama mutumin kirki ba tare da sanin Allah ba. In wannan ya zauna masa a zuciya yana ɗan shekara goma, wa zai cire?

Auta:
Allah ya gafarta Malam, ina neman izini in sa baki. Tambayar da Anti ta yi wa yara ta girmi littafin da shekara fiye da 2,000. Tana cikin kashi na biyu na littafin Aflaton, masanin falsafar Girka, a kan adalci da tsarin mulki. Yayan Aflaton ɗin, Gulokon, shi ya kawo wa Sukurat, malamin Aflaton, labarin wani makiyayi a ƙasar Lidiya. Ƙasa ta tsage, ya shiga ramin, ya tarar da dokin tagulla da gawa a ciki, a yatsan gawar akwai zoben zinare. Ya gano in ya juya kan zoben ciki sai ya ɓace. Bai ɓata lokaci ba ya shiga fada, ya haɗa baki da matar sarki, ya kashe sarkin ya hau gado. Gulokon ya ce a samo irin zoben nan guda biyu, a ba mai gaskiya ɗaya a ba azzalumi ɗaya, za a tarar duk hanya ɗaya suka bi. Ma'ana kirkin mutane duk na ganin ido ne, tsoron kamu da tsoron zunɗe.

Abin da ya burge ni, littafin da muke karantawa ya yi wannan gwajin da zobe ɗaya a hannun mutum biyu. Golum yana sa shi ya shaƙe ƙananan dodannin kogo ya cinye, kuma da ya faɗi a kacici-kacici abin da ya koma ɗaukowa ke nan don ya zo ya kashe Bilbo ba a ganinsa. Bilbo ya samu dama irin wannan sak, a kan wanda ke neman ransa, ya ƙi. Marubucin ya faɗi dalili: ya ga Golum ba makami, ya hango irin rayuwarsa ta kaɗaici a cikin duhu, tausayi ya kama shi. Yaron nan da ya yi tambaya ya kama daidai inda manyan masana suke kokawa, shi kaɗai, ba wanda ya nuna masa.

Kawu na Farin Gada:
Tunda 'yata ce mai ƙosai bari in yi magana. Da muka dawo gida ba ta ci tuwo ba, ta ce Anti ta ɗauke ta ɓarauniya a gaban mutane. Na ce ba haka ba ne. Ta ce ai tambaya aka yi, ita kuma ta faɗi gaskiya, sauran da suka yi shiru su ma abin da ke ransu ke nan.

Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma mutumin nan Gulokon da Auta ya ambata kamar a kasuwarmu ya girma. Shekara ashirin da wani abu ina harkar kayan gwari. Ƙasan kwandon tumatir shi ne layar zanarmu. Mai saye sama yake gani, sai ya kai Legas ko Fatakwal a juye sannan a san me ke ƙasa, lokacin kuwa kai ka daɗe da kashe kuɗin. Na san mutanen da ba sa rasa sahun gaba a masallaci, amma kwandonsu sama lafiyayye ƙasa ruɓaɓɓe. Na kuma san wani dattijo da ke kawo mana kabeji da karas daga ƙauye, ba Musulmi ba ne, ban ma tabbata yana zuwa coci ba, buhunsa in ka zazzage yadda samansa yake haka ƙasansa. Ba na cewa addini bai da amfani, Allah ya tsare ni. Cewa nake su waɗancan na farko duk an gaya musu Allah yana ganinsu tun suna yara, sun haddace. Akwai abin da bai shiga ba. Shi nake so 'yata ta samu, ba haddar kaɗai ba.

Uwar Biyu:
Kawu, ka ba ta haƙuri kafin in zo da kaina. Wallahi ban yi nufin kunyata ta ba.

Mama Malama:
Sannunku 'ya'yana. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a firamare kafin in yi ritaya, kuma abin da Uwar Biyu ta yi na yi shi ya fi a ƙirga, don haka ba zarginki nake ba 'yata. Amma ga abin da aji ya koya mini. Ranar da yaro ya faɗi abin da ke cikinsa ka buge masa baki, bai daina tunanin ba, ya dai koyi cewa ba a faɗa a gabanka. Gobe in ka tambaya zai ba ka amsar da kake so. Ka ga da hannunka ka koya masa kirkin ganin ido, wanda shi ne kake gudu.

Da ni ce, sai in ce mata, to kin ɗiba, mai ƙosai ta ƙirga ta ga babu, wa za ta tuhuma? Su yaran da kansu za su ce 'yar da ke taya ta suya, ko almajirin da ke tsaye kusa. Sai in ce, an doke shi a kan abin da ke cikinki, kina tsaye kina kallo ba a ganinki, yaya za ki ji? A nan ne maganar Allah za ta sami wurin zama, domin an riga an share mata fili.

Malam, game da tsoronka. A wajenmu Manzo Bulus ya rubuta wa Romawa, sura 2, cewa al'ummai da ba a ba su Shari'a ba wani lokaci suna aikata abin da Shari'a ta ce, don a rubuce take a zukatansu. Ni a ganina tausayin da ya riƙe hannun Bilbo ba kishiyar sanin Allah ba ne, aikin Allah ne a cikinsa ko bai ambaci sunansa ba. Shi kansa marubucin, Tolkin, ɗan Katolika ne mai riƙo sosai.

Malam na Gangare:
Mama, na gode, kuma maganarki ta tuna mini abin da ya kamata in fara kawowa. Mu ma muna da shi, shi ne fiɗira, kowane jariri a kanta ake haihuwarsa. A cikin Arba'una Hadisi, na 27, Annabi (SAW) ya ce zunubi shi ne abin da ya sosu a ranka kuma ka ƙi mutane su gani. Ku lura, abu biyu aka haɗa: susar da ke ciki, da ƙin idon mutane. Zobe yana iya kawar da na biyu, ba ya kawar da na farko. To wannan amsa ce da zan iya ba yaron da zuciya ɗaya.

Amma ban janye ba gaba ɗaya. Fiɗira kamar tsiro ce, in ba a yi mata shinge ba awaki za su cinye. Tausayi yana zuwa yana tafiya. Yau Bilbo ya ji tausayi, gobe in yunwa ta ci shi ko ya fusata fa? Shi ya sa ake buƙatar abin da ba ya canzawa da yanayin zuciya. Kuma har yanzu ina tambaya, me ya sa sai da labarin tsafi za mu koyar da wannan, alhali muna da ƙissoshi na gaskiya?

Auta:
Malam, abin da ka ce game da yunwa, littafin bai ɓoye shi ba. Ban so in yi wa yara riga malam masallaci, amma mu nan manya ne. A babi na gaba Bilbo ya ba abokan tafiyarsa labarin yadda ya tsira, ya ɓoye maganar zoben. Wato ƙaryar farko ta biyo bayan tausayin da taku kaɗan. A babi na 9 kuma, lokacin da sarkin mutanen kurmi ya kulle wadannin nan goma sha uku, abokan tafiyar Bilbo, Bilbo ya daɗe a cikin fadar ba a ganinsa, yana satar abinci yana ci. Ƙosan 'yar Kawu ke nan ba ragi. Sai can kusa da ƙarshe, bayan yaƙi, ya ɗauko abin wuya na azurfa da lu'ulu'u ya miƙa wa sarkin, ya gaya masa da bakinsa cewa ya ci gurasarsa ya sha abin shansa. Ba wanda ya san ya ci, ba wanda ya bi shi bashi.

Wani abu kuma, a bugun farko na 1937 babin kogon ba haka yake ba, Golum da kansa ya yi alkawarin ba Bilbo kyauta in ya kayar da shi a kacici-kacici. A bugun 1951 marubucin ya sake babin, daga baya ya bayyana cewa labarin farko shi ne wanda Bilbo ya ƙaga don ya halatta wa kansa zoben. Har mai littafin bai wanke jaruminsa ba.

Jikar Hajiya:
Salamu alaikum. Na karanta wa Hajiya Kaka duk abin da aka rubuta, ta ce in rubuta nata yadda ta faɗa.

Ta ce a gaya wa Malam, su da suka tashi a Dilimi ba su san wani Bilbo ba, Gizo suka sani, kuma Gizo ya fi shi iya shege nesa ba kusa ba. Ya je wa giwa ya ce su yi ja-in-ja, ya je wa dorina ya ce haka, ya ba kowacce bakin igiya, ya shige ciyawa ya kwanta suna ta ja har suka gaji, kowacce tana zaton da Gizo take ja. Ta ce wannan ba layar zana ba ce? Kuma a wannan tatsuniyar ba abin da ya same shi. A wata kuwa hankaki suka ara masa fukafukai suka kai shi ɓauren tsakiyar ruwa, ya hana su ci don haɗama, kowa ya zare gashinsa suka bar shi can. Wata rana ya sha, wata rana ya sha kashi.

Ta ce kakarsu ba ta taɓa cewa "darasin wannan tatsuniya shi ne kaza" ba. Wannan a makarantar boko aka fara shi. Ita dai in ta kai ƙarshe sai ta ce ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don Gizo ba da na yi ƙarya, ta juya ta yi kwanciyarta. Su kuma su kwana suna gardama a kan tabarma, wannan ta ce Gizo ya kyauta tunda giwa ta raina shi, waccan ta ce macuci ne. Ta ce a cikin wannan gardamar ta san wace ce a cikin 'yan'uwanta za ta iya ba ajiya, kuma har suka tsufa lissafinta bai kuskure ba.

Ta ce kuma yaro ba wawa ba ne. Tun daga "ga ta nan ga ta nanku" ya san an shiga duniyar ƙarya, da an ce ƙurunƙus ya san an fito. Ba ta taɓa ganin wanda ya je neman fukafukan hankaki ba.

Malam na Gangare:
A gaishe da Hajiya, a ce ina neman albarka. Ba ni da bakin musu da ku. Sai dai in ce Gizo ba wanda ya yarda akwai shi, layar zana kuwa har gobe akwai masu zuwa wajen boka nemanta, shi ya sa nake taka-tsantsan. In za a ci gaba, ina roƙon a daina kwatanta zoben da ita a gaban yara, a bar shi a zoben tatsuniya.

Uwar Biyu:
Na karɓi wannan, Malam. Ni na kawo kwatancen don in sauƙaƙa musu, ban hango ta nan ba.

Amma a kan me ya sa ba za mu tsaya ga ƙissoshi na gaskiya ba, ina da abin cewa, don na daɗe ina juya shi. Ƙissar yarinyar madara ina sonta, ina ba 'yan biyuna ita. Sai dai in ka ba yaro ita ba ya gardama, kuma bai kamata ya yi ba. Ya san wa ke da gaskiya tun kafin a gama. Ba yaron da zai ɗaga hannu ya ce ni da ni ne sai in zuba ruwan. Amma Bilbo ba sahabi ba ne, ba waliyyi ba ne, ba kowa ba ne, don haka yaro yana da damar ya ce ya yi daidai ko bai yi ba, har ya sa kansa a wurin ya faɗi abin da zai yi na haƙiƙa. Wurin gwaji ne da ba a jin ciwo in an faɗi. 'Yar Kawu ta shiga wurin gwajin da gaskiyarta, ni na rufe ƙofar.

Kuma ba baƙon abu muka ɗauko ba. A 1937 ɗin da The Hobbit ya fito a Ingila, a shekarar aka fara fitar da Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Mu duka nan da shi muka koyi karatu. Aku ne yake riƙe ɗan sarki Musa da labari dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri. Ban taɓa jin wanda ya ce a hana yara shi don tsuntsu yana magana ba. Ruwan Bagaja kuwa har da aljannu a ciki.

Anti Nas:
Ina aikin dare yanzu na leƙo, ban karanta duka ba. Abu ɗaya kawai. Ƙarfe uku na dare a ɗakin marasa lafiya kowa yana da zoben nan. Kana iya rubuta cewa ka auna zafin jiki ba ka auna ba, ba mai sani har abada. Abin da ke tayar da ni daga kujera, wani dare tsoron Allah ne, wani dare fuskar uwar yaron ce da ke kwance a ƙasa kan zani, wani dare kuwa sabo ne kawai, ƙafata ke kai ni. Ban iya raba su ba, kuma ban ga dalilin da za a ce wa yaro lallai guda ɗaya ne ba. Sai da safe.

Kawu na Farin Gada:
Allah ya ba da lada, Anti.

Ni akwai inda nake da ja da ku duka, har da Mama. Kuna ta yabon Bilbo a kan bai yi kisa ba, amma tun a kacici-kacicin ya yi maguɗi. Ina wurin ranar Asabar, na ji. "Mene ne a aljihuna" kacici-kacici ne? In na ce shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, amsar tana cikin maganar, mai hankali zai gano tsintsiya. In na ce baba na ɗaka gemu na waje, ka yi tunani ka ce wuta da hayaƙi. Amma abin da ke aljihuna ta ina za ka sani? A dandali in yaro ya yi wannan ba mai ba shi gari, korarsa za a yi.

Auta:
Kawu, mai littafin ma ya yarda da kai, ya faɗa a wurin cewa bisa tsohuwar ƙa'idar wasan wannan ba kacici-kacici ba ne na gaskiya. Abin da ake kare Bilbo da shi shi ne, da kansa yake magana tambayar ta kuɓuce masa, Golum kuma ya karɓa, har ya nemi a ba shi damar cinka sau uku. Wanda ya karɓi sharaɗi ya faɗi, zai dawo ya ce sharaɗin bai inganta ba?

Kawu na Farin Gada:
Ɗana, wannan hujjar 'yan kasuwa ce, na san ta sarai. "Ai ya gani ya saya." Da ita ake sayar da ruɓaɓɓen kwando.

Mama Malama:
Kawu ya kama ka, Auta. Amma ku dubi abin da ke gabansa: in ya faɗi cinye shi za a yi. Wanda kura ta tare, a ce sai ya bi ƙa'idar wasa? Wannan tambayar ku kai wa yara yadda take, kada ku tauna musu. Ina tabbatar muku za su rabu biyu, kuma waɗanda ba ku zata ba su za su tsaya a kan ƙa'ida.

Uwar Biyu, shawarata game da yaron da ya yi tambaya. Kada ki je masa da amsa a ƙunshe. Ki ce tambayarsa ta sa manya sun kwana suna magana, ki gaya masa abin da Malam ya ce game da fiɗira da abin da Anti Nas ta ce, sannan ki tambaye shi shi me ya gani. Yaron da ya yi wata uku bai buɗe baki ba, ranar da ya buɗe ya kamata ya san an ji shi.

Kawu na Farin Gada:
Jama'a ku yi haƙuri na dawo. Na nuna wa 'yata saƙon Uwar Biyu ta huce, har ta ce za ta zo Asabar. Amma ta ɗora mini wata da na kasa, na ce bari in kawo wa Malam. Ta ce a Islamiyya an koya musu in ka tsinci abu sai ka yi cigiya. Bilbo tsintar zoben ya yi, kuma ya ji Golum yana kururuwa yana neman abinsa, ya san mai shi ke nan. To me ya sa bai mayar ba? Ta ce ita ƙosai kawai ta ce za ta ɗiba aka yi mata kul, shi ya tafi da zoben mutum sukutum ana ta yabonsa.

Auta:
Kawu, wallahi wannan ma tana cikin littafin Aflaton, a kashi na farko. An ce adalci shi ne faɗin gaskiya da mayar wa kowa abinsa, sai Sukurat ya ce, in abokinka ya ba ka ajiyar makami yana da hankalinsa, ya dawo karɓa bayan ya haukace, ka ba shi?

Malam na Gangare:
Auta, dakata da Aflaton tukuna, wannan ta gidanmu ce. Kawu, ka gaya wa 'yarka ta yi tambayar ɗaliban fiƙihu. Asalin hukunci tana da gaskiya, a Risala an ce wanda ya yi tsintuwa ya yi cigiyarta shekara guda, in mai ita ya zo ya siffanta ta a ba shi. A nan ma ba a buƙatar cigiya tunda mai abu yana gabansa. Amma ga inda take da wuya: mai abun yana nemansa ne don ya kashe wanda ya tsinta, kuma kare rai yana gaba da kare dukiya. Don haka rashin miƙa masa a wannan lokacin ina ganin yana da fuska. Abin da ban gamsu da shi ba shi ne bayan ya tsira. Hana mahaukaci makami daban, mayar da makamin naka daban. Ya zama ajiya a hannunsa ko ya zama mallaka? In ajiya ce, ya halatta ya riƙa amfani da ita? Kuma shi Golum ɗin ta wace hanya zoben ya zo hannunsa, don wannan ma yana canza hukunci.

Ba zan yanke a nan ba sai na duba sharhi. Uwar Biyu, zaman Asabar ƙarfe nawa ne? In za a iya dawo da shi bayan La'asar kai tsaye zan zo da littafin, in zauna da su mu bi mas'alar tare. Amma a bar yarinyar ta fara kawo hujjarta kafin in buɗe.

Uwar Biyu:
Ƙarfe huɗu da kwata in sha Allahu, a gidanmu na Unguwar Rogo, don a tashi kafin sanyin magariba ya sauko. Kowa ya sa wa yaransa rigar sanyi, a tsakar gida za mu zauna. Ba za mu shiga babi na 6 ba sai an gama da maganar tsintuwa. Auta, yadda zoben ya zo hannun Golum ba a cikin wannan littafin yake ba, ka faɗa wa Malam shi kaɗai, kada yara su ji tukuna. Jikar Hajiya, ki roƙa mana Hajiya ko za ta yarda a ɗauko ta, yara su ji ta giwa da dorina daga bakinta. Kawu, ƙosai a wuyanka.

Jikar Hajiya:
Ta ce za ta zo, amma ba ta tatsuniya da rana, sai dai a jira a yi sallar Magariba.